Baƙin Dutse a Kan Sikeli

Uwani ce ta kawo shi, ranar wata Laraba,
cikin jakarta ta jami'a:
baƙin dutse, huda-huda kamar saƙar zuma.
Ta ɗora min shi a kan sikelin dankali,
allura ko motsin kirki ba ta yi ba.

Na ce, wane irin dutse ne wannan, ba nauyi?
Ta ce, Baba, kumfa ce,
kumfar wuta da ta sandare
tun ba a san za a yi gari a nan ba.

Shekara talatin da ɗaya ina Farin Gada
ina kwance bakin buhunan Dakwak na Kerang,
ina yaba ƙasarsu, baƙa wuluk, mai albarka,
ban taɓa tambayar wa ya dafa ta ba.
Ashe toka muke ci.
Ashe tudun da yake nomawa murhu ne
wanda ba a kwashe garwashinsa ba.

Ta ce barci yake yi.
Na ce barci ko mutuwa?
Ta ce ko malaminsu ba ya rantsuwa a kan wannan.

Ubana kuza ya haƙa har ƙirjinsa ya ƙi,
ya bar mana kududdufai masu cin yara da damina.
Na ɗauka iyakar sharrin ƙasa ke nan:
ka huda ta, ta rama.
Ban san tana da nata fushin ba,
wanda ba ruwansa da diga ko shebur.

In ya farka, in ji ta,
ba wutar ce za ta fara iso mu ba.
Toka ce, mai laushi kamar garin tuwo,
ta sauka a kan kwano shiru-shiru
har rufi ya durƙusa a kan masu gida.
Rijiya ta yi ɗaci.
Kabeji ya mutu a tsaye.
Rana tsaka a kunna fitila, kaji su hau kwana.

Akwai kuma wata iska, ba launi, ba wari,
mai bin kwari kamar ruwa.
Ta ce a Kamaru wani tafki ya taɓa yin gyatsa da dare,
gari ya waye shanu kwance, masu shanu kwance,
ko ƙuda babu.

Nan na tsayar da ita. Na ce je ki ci abinci.

Mu mutanen garin nan mun san wuta.
Mun ga ta cinye babbar kasuwa,
mun ga ta bi layi tana tambayar suna.
Amma wannan ba ta tambaya.
Hasumiya da ƙararrawa, duk ɗaya ne a bakinta,
ba dokar hana fita da za ta mayar da ita gida,
ba dattijon da zai zauna da ita sulhu.

Ran Juma'a Dakwak ya sauke kaya,
na nuna masa dutsen, ya yi dariya.
Ya ce irinsa suke jerawa a yi shingen gona,
a ƙarƙashinsa aka binne uwarsa,
kuma bana dankali ya yi.
Ina za ni? in ji shi.
Kowa da abin da yake kwana a kai.

Na biya shi, ban rage ko sisi ba.

Yanzu dutsen na cikin akwatin kuɗi,
yana danne min rasit kada iska ta kwashe.
In babbar mota ta wuce, ƙasa ta ɗan girgiza,
sai in ga hannuna ya tsaya a bakin buhu,
ina saurare,
har sai mai saye ya ce, Alhaji, lafiya?